Yadda za ka sa makro na Excel ya ajiye fayil na karatu kawai a kan sabar ofis

Masu riƙe da lissafin sito, masu karɓar kuɗin makaranta da akantocin ƙananan kamfanoni daga Garwa, Marwa da Ngaundere har Njamena sun yi ta kawo tambaya iri ɗaya. An rufe rahoton yau, an ajiye shi a foldar da kowa ke shiga, washegari sai a tarar wani ya buɗe ya canza adadi, ko ya share layi bai ma sani ba. Abin da ake so shi ne maɓalli guda da za a danna da yamma, ya fitar da kwafin rahoton da kwanan wata a sunansa, ya kai shi saba, wato kwamfutar da ke riƙe foldojin da kowa ke shiga, ya sa masa alamar karatu kawai. Makro ne ke yin wannan aikin, wato jerin umarnin da Excel ke bi da kanta idan an danna maɓallin.

Sunayen menu da ke ƙasa na Faransanci ne, tunda galibin kwamfutocin ofisoshinmu haka suke zuwa. Umarnin da ke cikin makro ɗin kuwa, wato harshen VBA, iri ɗaya ne ko da wane harshe Excel ɗinka take.

Kayan aiki da kuɗi

Ana buƙatar Excel ta kwamfuta mai Windows, daga ta 2010 zuwa sama. Excel ta waya da ta cikin burauza ba sa gudanar da irin wannan makro. Sai folda a kan saba da izinin rubutu a cikinta. Makro ba ya cin ko dala. Inda kuɗi ya kamata su tafi shi ne batirin riƙe wuta, onduleur kamar yadda ake ce masa a kasuwa, kuma a jona masa saba da akwatin da kebul ɗin rezo, wato wayoyin da ke haɗa kwamfutocin ofis, suke haɗuwa, su biyun. Idan saba na da wuta amma akwatin ya mutu ana tsakar ajiya, fayil ɗin na iya fita rabi. Idan kwamfuta mai Windows 10 ko 11 ta yau da kullum kuka mayar saba, ku sani ba ta karɓar fiye da haɗi 20 a lokaci guda.

1. San irin kullen da kake sawa

Kulle uku ne, kuma rikita su shi ne tushen yawancin ɓacin rai.

Na farko alamar Lecture seule da Windows ke sa wa fayil, wadda ake gani idan an danna dama a kansa an shiga Propriétés. Excel za ta buɗe fayil ɗin amma ba za ta yarda a ajiye a kansa ba. Wannan kamar sakata ce da aka sa ta wajen ƙofa: tana hana akuya shiga, ba ta hana mai hannu. Duk wanda ke da izinin gyara a foldar zai iya cire alamar cikin daƙiƙa biyar.

Na biyu shawarar da ke cikin fayil ɗin kansa, Lecture seule recommandée. Tambaya kawai take yi wa mai buɗewa, yana iya cewa a'a. Amfaninta shi ne tana bin fayil ɗin idan an tura shi ta imel ko WhatsApp, alamar Windows kuwa ba ta bi.

Na uku izinin folda a kan saba. Shi ne kullen gaske. Makro zai sa na farko da na biyu, amma idan ba a yi na uku ba, kuskure kawai aka tare, ba a tare mai niyya ba. Shi ya sa mataki na gaba ya riga rubuta makro.

2. Shirya foldar ajiya da izininta

A kan sabar, buɗe sabuwar folda daban da wadda ake aikin yau da kullum a ciki, ka sa mata suna Ajiya. Danna dama, Propriétés, sai shafin Sécurité. Ba wa sauran ma'aikata Lecture et exécution kaɗai. Ba wa wanda zai riƙa danna maɓallin, misali akanta ko mai sito, Modification. Idan sabuwar foldar ta gaji izinin gyara daga babbar foldar da take ciki, shiga Avancé ka katse gadon kafin ka rage wa mutane.

Hattara: izini wuri biyu yake, a shafin Sécurité da kuma a Partage, ƙarƙashin Partage avancé, Autorisations. Wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki. Idan an ba akanta Modification a Sécurité amma Partage na kan Lecture, makro zai faɗi duk da cewa komai ya yi kamar daidai ne.

Wani abin da ya zama ruwan dare a ofisoshinmu shi ne kowa na shiga kwamfuta da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Muddin haka ne, saba ba ta da yadda za ta bambanta akanta da ɗan koyon aiki, kuma duk wannan matakin ya tashi a banza. A buɗe wa kowa asusunsa.

3. Samo cikakken adireshin foldar

Kada ka sa harafin diski irin su Z: a cikin makro. Abin da yake Z: a kwamfutarka yana iya zama Y: a ta abokin aikinka, kuma bayan an ɗauke wuta an dawo, harafin kan tsaya da jan gicciye har sai an danna shi. Yi amfani da adireshin da ke farawa da sanduna biyu, kamar \\SABA\Ofis\Ajiya\. Don samun naka, shiga foldar ta Réseau, danna sararin adireshi a sama, ka kwafe abin da ya fito.

A kibod na AZERTY, sandar nan mai jingina baya tana fitowa da AltGr da 8. Kada ka manta da sanda ta ƙarshe bayan Ajiya. Idan babu ita, sunan folda da na fayil za su manne, rahoton ya faɗa cikin Ofis da suna kamar AjiyaSito, inda kowa ke da izinin gyara.

Ka kuma taƙaita sunaye. Excel kan ƙi adireshin da ya wuce haruffa 218 idan an haɗa folda da fayil, kuma masu jera folda cikin folda da dogayen sunayen wata da na reshe suna kaiwa nan.

4. Shirya fayil ɗin aiki

Buɗe fayil ɗin da ake cikewa kullum. Fichier, Enregistrer sous, ka zaɓi nau'in da ke ƙarewa da .xlsm. Nau'in .xlsx ba ya riƙe makro: idan ka rubuta a cikinsa ka danna Oui a kan gargaɗin da zai fito, ka rufe, aikin ya tafi. Shafin da kake son a riƙa fitarwa, sa masa suna Rahoto.

Sai ka fito da shafin Développeur a saman Excel: Fichier, Options, Personnaliser le ruban, ka sa masa alama a jerin dama.

5. Rubuta makro

Danna Alt da F11. A tagar da ta buɗe, Insertion, sai Module. Rubuta wannan, ka canza adireshin kawai:

```
Sub RufeRahoto()
    Dim fso As Object, sabo As Workbook
    Dim folda As String, hanya As String

    folda = "\\SABA\Ofis\Ajiya\"
    Set fso = CreateObject("Scripting.FileSystemObject")

    If Not fso.FolderExists(folda) Then
        MsgBox "Ba a ga saba ba. Duba rezo da wuta."
        Exit Sub
    End If

    hanya = folda & "Sito_" & Format(Now, "yyyy-mm-dd_hhnn") & ".xlsx"
    If fso.FileExists(hanya) Then
        MsgBox "Akwai fayil mai wannan suna."
        Exit Sub
    End If

    On Error GoTo matsala
    ThisWorkbook.Worksheets("Rahoto").Copy
    Set sabo = ActiveWorkbook
    With sabo.Worksheets(1).UsedRange
        .Value = .Value
    End With

    Application.DisplayAlerts = False
    sabo.SaveAs Filename:=hanya, FileFormat:=51, ReadOnlyRecommended:=True
    sabo.Close SaveChanges:=False
    Application.DisplayAlerts = True

    SetAttr hanya, vbReadOnly
    MsgBox "An ajiye: " & hanya
    Exit Sub

matsala:
    Application.DisplayAlerts = True
    MsgBox "Kuskure " & Err.Number & ": " & Err.Description
End Sub
```

Kafin bayani, gargaɗi biyu kan rubutun kansa. Kada ka bi da shi ta Word, domin Word na Faransanci na mayar da alamar zance madaidaiciya zuwa « », kuma VBA ba ta san su ba, layin zai koma ja. Idan za a tura wa wani reshe, a sa shi a Bloc-notes a tura fayil ɗin. Na biyu, tagar VBA ba ta karɓar ɓ, ɗ da ƙ, alamar tambaya take sawa a madadinsu. Rubuta saƙonni da sunayen shafuka da b, d da k na yau da kullum.

Yanzu abin da layukan suke yi. Dubawar farko tana tabbatar da cewa saba na nan kafin a taɓa komai. Sunan fayil yana fitowa kamar Sito_2025-03-14_1745.xlsx. An fara da shekara ne don fayilolin su jeru da kansu bisa kwanan wata. An raba da gajeren layi saboda Windows ba ta yarda da \ / : * ? " < > | a sunan fayil, kuma kwanan wata irin 14/03/2025 da muka saba rubutawa yana ɗauke da sanda biyu. Ka lura da haruffan: a cikin VBA yyyy da dd ake sawa ko da Excel ta Faransanci ce, aaaa da jj na lissafin TEXTE ne da ake rubutawa a cikin shafi. Minti kuma nn ne.

Layin .Value = .Value shi ne zuciyar aikin. Yana mayar da kowane lissafi adadi tsayayye. Idan babu shi, kwafin zai ci gaba da jingina da fayil ɗin aiki, kuma rahoton ranar Litinin na iya nuna adadin ranar Alhamis idan aka sabunta haɗin, ba tare da kowa ya gyara komai ba. Rahoto mai AUJOURDHUI() a kansa, wato lissafin da ke fitar da kwanan watan yau, ma zai riƙa nuna ranar da aka buɗe shi. Amma akwai tarko: lambar kaya mai sifili a gaba, kamar 0045, idan lissafi ne ya fitar da ita, tana iya komawa 45. Duba wannan ginshiƙin a gwaji. Idan sifilin ya ɓace, cire ginshiƙin daga lissafi, ka rubuta lambobin da hannu a gidajen da aka mayar nau'in Texte. Haka kuma idan shafin na da kariya, layin zai faɗi da kuskure 1004, sai an cire kariyar.

Lamba 51 na nufin .xlsx, 52 kuma .xlsm. Dole lambar ta dace da ƙarshen sunan. Mun zaɓi 51 da gangan domin kwafin ajiya ba ya buƙatar makro a cikinsa. SetAttr, umarnin da ke sa alamar karatu kawai ta Windows, ya zo ne bayan an rufe kwafin, kuma haka ya kamata jerin ya tsaya.

Game da DisplayAlerts: yana rufe bakin Excel, har da tambayar ko a rubuta a kan fayil mai suna iri ɗaya. Shi ya sa aka sa dubawa ta biyu a gabansa. Kada ka cire ta don rage tsawon makro.

6. Gwada a foldar gwaji

Buɗe wata folda mai suna Gwaji a saba, ka nuna wa makro ita tukuna. Débogage, Compiler VBAProject zai nuna kuskuren rubutu. Sai ka sa linzami a cikin makro ka riƙa danna F8, layi bayan layi, kana ganin inda launin rawaya ya tsaya.

Bayan ya gama, buɗe kwafin. Sai ka ga Lecture seule a saman taga. Danna gidan jimla ka tabbatar adadi ne a ciki, ba lissafi ba. Canza wani abu ka danna Ctrl da S: Excel za ta ƙi, ta nemi sabon suna. Sai ka zare kebul ɗin rezo ka sake gudanar da makro, ka ga saƙon rashin saba ya fito. Yana iya ɗan jinkiri kafin ya fito, ka jira. Gwaji na ƙarshe a kwamfutar wani ma'aikaci za a yi shi, bayan an mayar da adireshin zuwa Ajiya: ya gwada cire alamar ta Propriétés, ya gwada share fayil ɗin. Idan ɗaya ya yiwu, koma mataki na 2.

Duba agogon kwamfutar ma. Tsohuwar kwamfuta da ƙaramin batirin cikinta, CR2032, ya mutu, tana komawa tsohuwar shekara duk lokacin da wuta ta yanke, kuma makro zai rubuta wannan shekarar a sunan rahoto.

7. Sa maɓalli

Développeur, Insérer, ka zaɓi Bouton na farko a jerin, ka zana shi, ka zaɓi RufeRahoto. Zana shi a wani shafi daban, ba a Rahoto ba. Idan yana kan Rahoto zai bi kwafin zuwa ajiya, kuma duk wanda ya danna shi a can zai jawo fayil ɗin aiki.

8. Idan Excel ta toshe makro

Rawayan layi mai Activer le contenu ba matsala ba ne, danna shi. Jan layi kuwa daban ne. Tun 2022 Microsoft ta fara toshe makro a fayilolin da Windows ta ɗauka daga intanet suka zo. Fayil ɗin da ya iso ta imel, danna dama a kansa, Propriétés, ka sa alama a Débloquer a ƙasan shafin farko.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne fayil ɗin da ke kan sabarsu ma yakan sha wannan toshewar, musamman idan da lambar IP ake shiga, kamar \\192.168.1.10\Ofis. Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga da sunan sabar. Idan bai wadatar ba, Fichier, Options, Centre de gestion de la confidentialité, Paramètres, Emplacements approuvés. Sa alama a akwatin da ke ba da izinin wuraren da ke kan rezo, ka ƙara foldar da fayil ɗin aiki yake ciki.

Ƙara wannan foldar kaɗai, ba sabar gaba ɗaya ba, kuma ta kasance wadda mutane kaɗan ke iya rubutu a ciki. Kada kuma ka bi shawarar masu cewa a kunna duk makro a saituna. A ofishin da filas ke yawo tsakanin shagon buga takardu da kwamfutar akanta, wannan buɗe ƙofa ce ga ƙwayar cutar kwamfuta.

9. Sabunta fayil ɗin da ya riga ya zama karatu kawai

Wani lokaci ba sabon suna ake so ba. Jerin farashin siminti, taki ko magani, misali, ana son ya tsaya da suna ɗaya, Farashi.xlsx, masu sayarwa su riƙa buɗewa. SaveAs a kan fayil mai alamar karatu kawai yana faɗuwa da kuskure 1004, Kill kuma, wato umarnin share fayil, da 75. Yawancin mutane sukan cire alamar da SetAttr da vbNormal, su share tsohon, su ajiye sabon. Yana aiki, amma idan wuta ko rezo ya yanke tsakanin sharewa da ajiyewa, babu tsoho babu sabo.

Jerin da ya fi aminci shi ne a ajiye sabon da sunan wucin gadi, a kawar da tsohon gefe, sannan a ba sabon sunan. Kwafi makro na sama, ka canza masa suna da sunan shafi, ka mayar da hanya zuwa folda & "Farashi_sabo.xlsx", ka maye layin SetAttr da waɗannan, inda Name ke canza sunan fayil:

```
Name folda & "Farashi.xlsx" As folda & "Farashi_" & Format(Now, "yyyy-mm-dd_hhnn") & ".xlsx"
Name hanya As folda & "Farashi.xlsx"
SetAttr folda & "Farashi.xlsx", vbReadOnly
```

Ba a share komai ba, kuma tsohon farashi ya zauna da kwanan watansa don ranar da abokin ciniki zai zo da gardama. Karo na farko, ka sa Farashi.xlsx a foldar da hannu, in ba haka ba za ka sami kuskure 53. Idan wani ya bar fayil ɗin a buɗe, canza sunan na iya ƙi. A nan Farashi_sabo.xlsx zai rage a foldar, sai a sa mutumin ya rufe, a share na wucin gadin, a sake dannawa. Mafi kyau a sabunta da sassafe kafin a buɗe shago. Wanda ya riga ya buɗe tsohon ba zai ga sabon farashi ba sai ya rufe ya sake buɗewa, don haka a sanar.

10. Idan fayil ɗin aiki ne ya buɗe a karatu kawai

Wannan kan faru ne idan wani ya riga ka buɗe shi. Excel na faɗin sunan wanda ya kulle, ta ba ka zaɓin Lecture seule ko Notifier. RufeRahoto zai yi aiki a wannan halin, kuma haɗarin ke nan: abin da ke gabanka ba ya ɗauke da abin da abokin aikinka bai ajiye ba tukuna. Sa wannan a farkon makro:

```
If ThisWorkbook.ReadOnly Then
    MsgBox "Wani na rike da fayil din. Kada a rufe rahoto yanzu."
    Exit Sub
End If
```

Idan ka riga ka shigar da aiki mai yawa kafin ka lura, kada ka rufe. Ajiye shi da wani suna mai ɗauke da sunanka, a haɗa da hannu daga baya. Mai son yin haka da makro ya yi amfani da SaveCopyAs, amma ya tuna ba ya canza nau'in fayil: kwafin .xlsm dole ya ƙare da .xlsm, idan aka sa masa .xlsx Excel za ta ƙi buɗe shi.

Akwai kuma kullen da ba mai shi, wanda ke biyo bayan ɗauke wuta: Excel na cewa wane na riƙe da fayil alhali kwamfutarsa a kashe take. A kan sabar, danna maɓallin Windows da R, rubuta fsmgmt.msc, shiga Fichiers ouverts, ka rufe layin fayil ɗin. Sai ka kunna Éléments masqués a foldar, ka nemi ƙaramin fayil mai farawa da ~$ da sunan naku, ka share shi. Kafin ka yi ko ɗaya, je ka duba da idonka cewa mutumin ba ya kan aiki, domin rufe masa daga saba na iya salwantar da abin da bai ajiye ba.

Lambobin kuskure

Lamba 9 na nufin sunan shafin bai dace ba, sau da yawa sarari ne ya maƙale bayan Rahoto. 53, ba a ga fayil ba. 58, sunan da Name ke son bayarwa wani fayil na da shi. 70 da 75, izini ne, ko alamar karatu kawai, ko wani na riƙe da fayil ɗin. 76, adireshin folda ba daidai ba ne. 1004 ta fi kowace faɗi: duba haramtaccen harafi a suna, tsawon adireshi, kariyar shafi da izinin Partage, a wannan jerin. Idan makro ya faɗi a tsakiya, kana iya ganin wani sabon fayil mai suna Classeur a buɗe. Rufe shi ba tare da ajiyewa ba, sannan ka leƙa Ajiya ka tabbatar babu kwafin da ya shiga ba tare da alama ba. Idan akwai, share shi ka sake danna maɓallin.